Alkamar Bay Stoil

Nedyalko ya shigo ɗakin gwajinmu wata Talata a cikin Afrilu, riƙe da buhun leda, takalminsa duk taɓo, bai ko kalli abin goge ƙafa ba. Mutumin da ke noma hekta dubu biyu a yankinmu na Dobrudzha ba ya goge ƙafa. Ƙasa ce ya kwaso, kuma a ganinsa duk inda ta zuba tasa ce.

"Zlatina, 'yar ƙauyenmu!" ya ce, sai ka ce jiya muka rabu muna dariya. "Ashe nan suka ɓoye ki. Kai, farar riga ta karɓe ki. Yaya Bay Stoil? Jiki da sauƙi?"

"Yana nan inda ka ajiye shi," na ce.

Ya yi dariya. Nedyalko bai taɓa jin baƙar magana ba sai ya ɗauka gaisuwa ce. Ya zazzage buhun a kan teburina. Alkama ce, tsumburarriya, ganyenta rawaya, tsayinta bai wuce tafin hannu ba a lokacin da ya kamata ta doshi gwiwa.

"Iri ne," ya ce. "Sun sayar mini da ruɓaɓɓen iri a cikin buhu mai ƙyalli, har da hoton wani Bature yana murmushi. Ki rubuta mini takarda, ki buga hatimi, in kai su kotu su yi wa alƙali murmushin."

Wannan bakin ya taɓa yin wannan maganar, shekara uku da suka wuce, kuma ba a kan kamfani aka yi ta ba.

Mahaifina Stoil, wanda kowa ke kira Bay Stoil yadda ake girmama dattijo a wajenmu, malamin gona ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana haɗa irin alkama a gonarmu ta bayan gida, zangarniya ɗaya bayan ɗaya, da hantsaki da 'yan jakunkunan takarda, har ya fitar da wadda ta gamshe shi. Ya sa mata suna Todorka, sunan mahaifiyata, wadda ta ce ta gode amma da sabon rufin kicin aka yi mata da ya fi. Bai kai ta rajista ba. Ya ce sai ta nuna kanta a babbar gona tukuna, kuma babbar gona a ƙauyenmu ta Nedyalko ce, don shi ke hayar gonakin kusan kowa.

Nedyalko ya karɓi irin hekta tamanin. Ya shuka shi a bakin titi ranar sha huɗu ga Satumba, Ranar Gicciye, yadda ya saba: fadan coci ya zo ya yayyafa ruwa, matarsa ta gangara zagayayyen burodi a kan kunyar farko, tarakta ta tashi. Gidansu ne ke fara shuka a ƙauyen tun zamanin kakansa, kuma ba ya iya barci in ba gonarsa ce ta fara yin kore ga masu wucewa a mota ba. Mahaifina ya roƙe shi ya jira wata guda. Ya ce masa tsofaffi su jira, shi yana da aiki.

Da bazara ta zo, hekta tamanin ɗin nan suka yi rawaya. Sauran gonakinsa, waɗanda injina ba su kai gare su ba sai cikin Oktoba, lafiya ƙalau. A taron masu gonaki na watan Agusta mutane suka fara gunaguni, sai Nedyalko ya miƙe a ɗakin taro da damin alkamar a hannu, ya ɗaga sama.

"Ga Todorkar Bay Stoil," ya ce. "Ko matarsa ba ta kai wannan gajarta ba."

Mahaifiyata gajeruwa ce. Wata goma sha ɗaya ke nan da binne ta. Aka yi dariya, ba don mutanen ƙauyenmu mugaye ne ba, sai don mai maganar shi ke riƙe da gonakinsu. Mahaifina ya ɗauki hularsa ya fita. Cikin hunturun nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni a lokacin ina birnin Plovdiv ina gwada tumatir, ban ji labarin ba sai bayan an girbe an kuma kafce, babu ko ganye ɗaya da ya rage. Na nemi canjin wurin aiki na dawo kusa da shi. Tun daga nan a ƙauye, duk abin da ya lalace, ko rediyo ne ko cuku, sai a ce ya yi Todorka.

"Kwana uku," na ce wa Nedyalko. "Akwai fom, ka cike. A wajen suna ka rubuta naka, kada ka ɗora wa wani."

Kallo ɗaya na yi wa alkamar na san abin da ke damunta, amma kallo ba ya shiga kotu. Wata ƙwayar cuta ce mai tsumbure alkama. Ba ta bin iri ko kaɗan. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke tsotso ta daga gyauron alkamar bara ya kai wa sabuwar shuka. Duk wanda ya bar gyauro bai kafce ba, ya kuma yi shuka da wuri tun ƙwaron yana da rai, to ya shirya masa walima ne da hannunsa.

Aikinmu ba shi da ban sha'awa. A niƙa ganye a ƙaramin turmin tangaran, a tace, a ɗiga a cikin 'yan kwalabe, a sa a na'ura. Na'urar tana neman wani guntu na ƙwayoyin halittar cutar, in ta same shi sai ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gani. In akwai cuta, layi ya tashi a allon kwamfuta. In babu, ya kwanta. Kullum kuma ana sa kwalba ɗaya da ba komai a cikinta sai ruwa zalla. Ita dole ta kwanta. In ta tashi, datti ya shiga aikin, duk sauran sakamakon ya tashi a banza.

Ganyen Nedyalko guda goma sha biyu na gwada, layi goma sha biyu suka miƙe kamar sojoji. A kakar da ta wuce ya sayi sababbin injina, ya shuke fiye da rabin gonakinsa cikin kwana goma na Satumba, don haka abin da ya sami hekta tamanin a da ya sami hekta dubu da ɗoriya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma wannan takardar ba za ta wanke mahaifina ba. Nedyalko zai ce bana daban, wancan karon daban, kuma ƙauye zai gyaɗa kai.

Ranar Asabar na je gida, na gaya wa mahaifina yana cin miyar wake da hannun hagu. Yanzu magana tana yi masa nauyi, sai ya zaɓi kalma kamar mai tsintar dutse a cikin wake. Ya nuna saman kabad da cokali.

Tsofaffin jaridu ne a danne tsakanin katako biyu, an ɗaure da igiya. A tsakiya akwai tsiron alkama biyu, busassu, rawaya, da rubutun fensir a gefe: tara ga Afrilu, gonar Nedyalko, bakin titi.

"Tate," na ce, yadda nake kiransa tun ina ƙarama, "shekara uku wannan yana saman kanmu? Me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ki... tambaya ba."

"Me ya sa ka ajiye?"

Ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa. "Ana ajiyewa."

Wannan cutar tana da kirki ɗaya: busasshen ganye yana riƙe alamarta shekaru. Ranar Litinin na riga mai shara zuwa wurin aiki. Na niƙa tsiro ɗaya gaba ɗayansa, abin da ko ɗalibi ba zai yi ba, na loda na'ura, na zauna ina kallonta kamar mai jiran nono ya tafasa. Bayan awa biyu layin mahaifina ya tashi, a miƙe, kyakkyawa. Na fara tsara abin da zan faɗa, har da inda zan ɗan dakata don magana ta shiga.

Shugabanmu, Dakta Marin, ya leƙo ta bayan kafaɗata yana cin banitsa, wata wainar fulawa mai cuku, garinta yana zuba mini a wuya. Saura masa wata takwas ya yi ritaya, kuma ya daɗe da daina mamakin komai.

"Madalla," ya ce. "Kwalba ta takwas fa, ita wace gona ce?"

"Ruwa ce."

"To ruwan ma ya kamu. Allah sarki. Ko shi ma da wuri aka shuka shi?"

Na duba. Layin ruwa ya tashi, a makare, amma ya tashi.

"Wane turmi kika yi aiki da shi, abokiyar aiki?"

Turmin da na niƙa ganyen Nedyalko ne, a kan teburin da ya zazzage buhunsa, da bututun da ban canza ba. Na ɗauraye turmin, amma ɗauraya ba wanki ba ce. Shekara ashirin ina koya wa mutane wannan, gaggawa ta sa na manta cikin safiya ɗaya. Yanzu ba wanda zai iya cewa cutar da na gani ta tsohon ganye ce ko ƙurar sabo ce.

"Kin san ana iya goge ta takwas," in ji Dakta Marin, yana lasar yatsa. "Dannawa ɗaya ce. Ni idona ba ya gani sosai, kuma zan je shan kofi."

Ya fita. Hannuna ya kai kan madannin, ya kuma daɗe a can. Zan so in ce gaskiya ce ta hana ni, amma ba ita ba ce. Nedyalko yana da lauya a birnin Varna, mai ƙwaƙƙwafi, wanda zai nemi ainihin bayanan na'ura. Ni kuwa ba na son in jefi mutumin nan da hoge. Dutse nake so, wanda ba zai farfashe a hannu ba.

Saura tsiro ɗaya. Na yi mako guda ina wanke ɗakin da ruwan bilic har gashin hancina ya ƙone. Na zubar da duk magungunan da aka buɗe, na sa aka kawo sababbi. Na raba tsiron biyu a wani ɗaki da ganyen Nedyalko bai taɓa shiga ba, na aika rabi ga wata ƙawata a wani ɗakin gwaji da ke birnin Sofiya, ba suna, sai lamba. Rabin da ya rage na niƙa shi a sabon turmi, Dakta Marin yana tsaye a kaina, wannan karon ba banitsa.

Ruwa ya kwanta. Ganye ya tashi. Bayan kwana huɗu sakamakon Sofiya ya faɗi abu ɗaya.

Nedyalko ya zo karɓar takardarsa a fusace, don kwana ukuna sun zama sha shida. Ya fara karantawa daga ƙasa, wajen hatimi, yadda manyan mutane ke yi.

"Ina wurin da aka ce iri ne?"

"Babu."

"Ƙwaro? Wane irin ƙwaro? Ni ban ga ƙwaro ba."

"Shi ya gan ka. Kai ka ciyar da shi. Ka bar masa gyauro duk watan Agusta don kana tsimin man tarakta, sannan ka shimfiɗa masa sabuwar alkama tsakiyar Satumba. Ko ɗanka ba ka yi wa wannan hidimar ba."

"Ke, Ranar Gicciye muke shuka tun kakana!"

"Kakanka yana sa rigar fata tun farkon Oktoba, sanyi ya kashe masa ƙwaron kyauta. Kai bara na gan ka a Nuwamba da 'yar shat. Juya shafi na biyu."

Ya juya. Ya karanta kwanan watan da ke jikin tsohon ganyen, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Na jira ya yi ihu. Sai na ga idonsa ya tsaya cak, irin tsayawar da yake yi in yana auna gona da ido. Nedyalko ba shi da kunya, amma ba wawa ba ne.

"Cuta ɗaya ce ke nan," ya ce a hankali. "Wancan karon na sami rabin amfani a bakin titi. Wannan na kamfanin, ko kashi ɗaya cikin biyar ba zan gani ba." Ya ɗago kai. "Tsohon yana da sauran irin?"

Babu saura. A kakar da aka yi masa dariya, kafin jikinsa ya shanye, mahaifina ya loda buhu shidan da ya ajiye na iri a amalanke, har da 'yan kwalaben irin da ya jera a kan kantar ɗakinsa, ya kai injin niƙa. Duk hunturun nan Todorka muka ci. Abin da Nedyalko ya girba kuwa tun tuni ya sayar wa masu aladu. Na san wannan sarai, don ni nake kwaɓa burodin.

"Ka tambaye shi da kanka," na ce.

"Yau zan biya ta gidan."

"Ba a gida ka yi maganar farko ba."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce a ba shi lokaci. Na ce taron Agusta yana nan zuwa, kuma kwafin takardar yana hannuna, in bai karanta ta da bakinsa ba ni ina da baki.

Wata huɗu na bar shi yana dahuwa. Girbin Yuli ya zo yadda ya hango, har ya ɗan fi muni. Sau biyu ya aiko wa mahaifina da rakiya, barasar da ake dafawa a gida, sau ɗaya da rabin ɗan rago. Na karɓa na yi godiya. Naman yana da taushi.

Na gaya wa mahaifina cewa Nedyalko zai yi magana a taro, kuma ya kamata ya ji. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, a cikin zafin Agusta, na ɗaura masa nakatayal. Ɗakin taron ya cika, don labari ya riga ya zaga. Muka zauna a layin gaba.

Nedyalko ya yi bayanin fari, da tsadar taki, da yaƙi, da mahukuntan Turai na Brussels. Da ya ƙare da waɗanda ba sa ɗakin, sai ya gyara murya ya ce, game da wani tsohon zance, an sami 'yar rashin fahimta.

"Ɗaga murya, Nedyalko!" in ji Lelya Penka, wato Gwaggo Penka, mai shagon kofi, daga baya. "Wancan karon har a maƙabarta an ji ka."

Aka yi dariya. Dariyar dai ita ce ta wancan karon, mutanen su ne, wurin faɗuwarta ne kawai ya canza. Ya zaro takardata ya karanta, yana tuntuɓe a kan sunan cutar. Ya ce ba irin Bay Stoil ba ne, ƙwaro ne, kuma an gaya masa ya jira bai jira ba. Ya naɗe takardar zai zauna.

"Saura rabin maganar," na ce. "Sunan mutum biyu ka kira a ranar."

Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya dubi matarsa, ta dubi silin.

"Lelya Todorka mutuniyar kirki ce," ya ce. "Abin da na faɗa a kanta maganar banza ce. Bay Stoil, ka yafe mini."

Da a nan ya tsaya da ya fita da ɗan mutunci. Amma bai haɗiyi wannan duka don Allah ba, sai ya matso gaban mahaifina ya rage tsawo.

"Kuma in faɗa a gaban kowa, alkamarka ta fi ta kamfani. Da cutar a jikinta ta ba ni rabi, tasu ta ba ni ƙaiƙayi. Ka ba ni ko buhu ɗaya ne, Bay Stoil, in yaɗa ta. A Oktoba zan shuka, ranar da ka ce. In kana so ma kai za ka gangara burodin."

Mahaifina ya daɗe yana neman kalma. Kowa ya jira.

"Mun... cinye."

"Me?"

"Niƙa. Duka." Ya haɗiyi yawu. "Burodinta yana tashi... da kyau."

Nedyalko ya miƙe a hankali ya juyo wajena. "Kin sani. Tun Afrilu kin sani."

"Ni na toya," na ce. "Ka ce in rubuta maka abin da ke cikin ganye, na rubuta. Ba ka cike fom a kan abin da ke cikin rumbu ba."

Lelya Penka ta yi wata irin ƙara, kamar an taka kaza. Daga nan ban ƙara jin abin da Nedyalko ke faɗa ba, ko da yake bakinsa yana ta motsi. Na yi shekara uku ina tunanin wannan fuskar, kuma zan faɗi gaskiya, ba ta ba ni kunya ba. Mutane suka yi layi suna gaisawa da mahaifina ta hannun hagu, har da waɗanda na san da bakinsu aka yi dariyar farko. Ya karɓi hannun kowa.

Muka shiga mota muka fita ƙauye. Na bi ta bakin titi da gangan, don taraktocin Nedyalko uku suna can suna kafce gyauro a tsakiyar Agusta, abin da ba a taɓa gani ba. Na rage gudu don ya gani. Bai kalla ba. Yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa.

"Rabi... ta ba shi?"

"Haka ya ce, Tate."

"Da cutar."

"Da cutar."

Na riga na gaya masa tun Afrilu cewa ba laifin irinsa ba ne. Abin da ban gaya masa ba, don ban tsaya na yi tunaninsa ba, shi ne cewa alkamarsa ta yi abin da ta kamfani ta kasa. Shi da ya kai buhunan injin niƙa, ya kai su ne don a ransa ya yarda da Nedyalko. Na shirya komai na wannan rana, har nakatayal, amma ban shirya masa wannan ba.

"Ko kwalba ɗaya," ya ce. "Da na bar... ko ɗaya."

Na tsayar da motar a gefen gona na kashe inji. Ƙurar taraktocin tana shigowa ta taga. Na ce masa ko in rufe gilashi, ya girgiza kai. Muka zauna a nan, shi yana kuka da rabin fuskarsa, ni kuma ina binciken raina ko zan sami nadama a kan Nedyalko. Na duba sosai, yadda aka koya mini dubawa. Ban samu ba.